Da Tsayawa Ko Ba Tsayawa?

Udoka ne ya jawo wa Mama Dokas wannan wahala, shi ma kuma ba da mugun nufi ba. Shagonsa na caja da murfin waya yana jikin katangar gidanta a unguwar Shamaki cikin Gombe, duk abin da ya shige mata duhu a waya wurinsa take kaiwa. Haifaffen Gombe ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ranar da 'yarta Debby ta bugo daga Kanada ta ce ta samu hutun mako guda, za ta taso ranar Asabar, Dokas ko takalmi ba ta tsaya nema ba ta fita.

"Udoka, duba mini. Daga Toronto zuwa Gombe, awa nawa jirgi yake yi?"

Ya ɗan lallatsa, ya juyo mata da fuskar wayar. Ga taswira, ga wani jan layi ya taso daga can sama, ya lanƙwaso ta kan teku, ya dira cak a kan Gombe.

"Kilomita dubu tara da 'yan kai, Mama. Awa goma sha biyu."

"Kai Udoka, ka ji tsoron Allah."

"Ga shi a rubuce. Ni da nake zuwa Anaca saro kaya, ai na fi haka daɗewa a mota."

"Ashe Kanada ta fi garinku kusa!"

Suka yi dariya, ta koma gida tana murna. Cikinsu ba wanda ya tambaya ko akwai jirgin da yake bin jan layin nan. Babu shi kuwa, ba a taɓa yin sa ba. Debby ta faɗa mata cewa akwai tsayawa a hanya, amma Dokas ta ɗauka irin tsayawar da mota take yi a Alkaleri ce, a kama ruwa, a sayi dafaffen ƙwai, a wuce. Hoton tikitin da aka turo mata ƙananan rubutu ne na Turanci, ta duba sau ɗaya, idonta ya yi ruwa, ta rufe.

Ba don cin tsaraba take ƙirga awoyi ba. Mijinta Elias ne. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota, ya kai wake kudu ya dawo da manja, ba ƙauyen da ke bakin titi da bai san sunan mai shayinsa ba. Yanzu ga shi a tsakar gidansa yana neman hanyar banɗaki. Ciwon mantuwa ya kama shi shekara uku ke nan, yana cin sa a hankali. Da safe yakan zama mutum: ya sha shayi, ya tambayi kuɗin wake a kasuwa, har ya tsokane ta. Da rana ta karkata sai ya soma ɓacewa, kafin magariba ya zama baƙo a gidansa. Hayaniya kuwa ba ya son ta ko kaɗan, mutum uku suka yi magana lokaci guda sai ya juya wa duniya baya.

Ita kaɗai yake ganewa kai tsaye. Ɗansu Jerome da ya zo daga Abuja da Kirsimeti, sai da ya kwana huɗu yana zama gabansa kowace safiya, sannan rannan tsohon ya ɗago ya ce, "Kai, yaushe ka yi furfura?" Jerome, ƙato da shi, ya fita bayan gida ya yi kuka. Likita ya ce da Dokas wannan ƙofar ma tana rufuwa, duk wanda yake son a gane shi ya zo yanzu. Debby kuwa shekara shida rabonta da gida. Aikin jinya take yi a wani gidan tsofaffi a can, tana wanke iyayen wasu, tana ba su abinci a baki. Abu ɗaya Dokas take roƙon Ubangiji: Elias ya dubi yarinyar nan ya kira sunanta, ko sau ɗaya ne.

Ta yi lissafinta tsaf. In ta taso Asabar da safe, da dare tana gida. Safiya shida ke nan, ko bakwai. Jerome huɗu ya ci, Debby kuwa ita ce 'yar lelen ubanta, ƙila ma uku su isa.

Washegari da safe, tana zuba masa shayi, ta faɗa masa.

"Baban Jerome, Debby tana zuwa. Awa goma sha biyu kawai jirgi yake yi."

Ya hura shayin, ya kurɓa. "Da tsayawa ko ba tsayawa?"

"Kai dai sha shayinka. Jirgi ne, ba tsohuwar motarka ba."

Sai ta yi kuskure na biyu, wannan kuwa ba ruwan Udoka. Ranar Lahadi a coci, da aka zo lokacin godiya, farin ciki ya ɗebe ta, ta miƙe ta karɓi makirufo ta shaida wa jama'a cewa 'yarta tana tafe daga Kanada, mako mai zuwa tana cikinsu. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Kafin ta kai bakin ƙofa Mama Selina, shugabar Zumuntar Mata, ta riga ta tsayar da ranar da za su zo yi wa 'yarsu barka da zuwa. Kafin ta isa gida labari ya kai Kaltungo wurin dangin Elias. Magana zarar bunu ce.

Asabar ta zo. Tun asuba Dokas take tsaye. Ta wanke ɗakin Debby, ta shimfiɗa sabon zanin gado, ta yanka kaza, ta yi miyar yakuwa da gyaɗa irin wadda yarinyar take so, ta dama kunu ta cika fulas. Ga zafin bazara, ga ba wuta tun shekaranjiya. Da la'asar waya ta yi ƙara.

"Mama, ina filin jirgi, yanzu za mu shiga."

"Yanzu? Ba tun safe kika taso ba?"

"Ai nan yanzu ne safiya take wucewa. Mama, sai na sauka Doha zan kira ki."

"Ina ne kuma Doha?"

"Ƙasar Larabawa. Can zan canza jirgi."

Dokas ta tsaya da ludayi a hannu. Ba ta yi boko mai zurfi ba, amma matar direba ce, ta san gabas ta san yamma. Ƙasar Larabawa ai gaba take da Gombe. Wato za a wuce da 'yarta ta saman kanta, a kai ta wata uwa duniya, sannan a dawo da ita? Wane irin direba ne wannan? Ta rufe tukunya, ta zauna a kan turmi.

Ranar Lahadi ta je coci ita kaɗai, kowa yana leƙen bayanta. "Ina baƙuwar?" "Tana hanya." Ta faɗi haka har bakinta ya gaji. Ta dawo ta ɗumama miya. Debby ta kira da yamma daga Doha, muryarta a shaƙe, ta ce tana zaune a kan kujerar ƙarfe, jirgin Abuja sai can cikin dare, ƙafafunta sun kumbura. Litinin da safe ta sauka Abuja, Jerome ya tarye ta. Saura jirgin Gombe, tafiyar awa guda, abin da bai kai a dafa wake ba. Aka ce da rana. Aka ce da yamma. Da magariba aka ce a yi haƙuri, an soke, sai an ji daga gare su.

Miyar yakuwa ta yi tsami. Dokas ta juye ta a kwata, ta raba wa maƙwabta naman tun bai bi sahu ba. Da ta wuce ta gaban shago Udoka ya sunkuyar da kai yana goge gilashin da ba datti.

"Mama, wallahi abin da ya nuna mini ke nan."

"Na sani, ɗana. Shi mai layin ai ba shi da uwa a Gombe."

Talata Jerome ya ce ba zai sake jiran kowa ba, ya zuba ƙanwarsa a motarsa suka kamo hanya, Jos, Bauchi, ramuka da shingayen duba. Ana kiran magariba a masallacin unguwa suka tsaya a ƙofar gida. Dokas ta fito da gudu ta rungume ta. Yarinyar ta rame, idanunta sun yi ja, jikinta yana warin mota da gajiya. Kuka ma ba su samu ƙarfin yi sosai ba.

"Ina Baba?"

"Yana ciki. Amma kin san yamma ce."

"Na sani, Mama. Aikina ke nan."

Ta shiga ta durƙusa a gabansa. Elias yana zaune a bakin gado yana naɗe gefen zanin gadon yana warwarewa. Ya dube ta, ya dubi akwatin da Jerome ya shigo da shi.

"Sannunku da zuwa," ya ce. "Maigidan ya fita."

Debby ta yi murmushi irin na ma'aikatan jinya, ta ce ba komai, za su jira shi. Da suka fito tsakar gida ne ta faɗa wa uwarta sauran labarin. Litinin za ta koma aiki, ba a ɗaga mata ko yini. Jirginta zai bar Abuja Juma'a da dare, saboda haka Juma'a da sassafe za ta bar Gombe.

Dokas ta ƙirga a yatsunta, ba ta ma cika hannu ɗaya ba. Laraba. Alhamis. Cikin safiya shida da ta ajiye, hanya ta cinye huɗu, ta bar mata biyu. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta rasa wanda za ta yi wa faɗa.

Laraba da safe Elias ya tashi garau. Ya yi wanka da kansa, ya zauna a kujerarsa ƙarƙashin dalbejiya, har yana tambaya ko an yi ruwa a Dadin Kowa. Dokas ta yi maza ta shiga ɗakin Debby.

"Debby. Ke Debby, tashi, babanki yana nan."

Ina! Kamar da gawa take magana. Ta girgiza ta, ta ja mata ƙafa. Yarinyar ta buɗe ido ɗaya, ta ce wani abu da Turanci, ta koma. Jikinta yana Shamaki, barcinta yana Toronto, a can kuwa tsakar dare ne. Kwana uku ba ta miƙe bayanta a kan gado ba. Dokas ta tsaya a kanta tana kallon kumburarrun ƙafafun nan, ta ɗaga hannu za ta sake bugun ta, sai tausayi ya hana. Ta ce bari ta ƙara rabin awa. Rabin awa ya zama azahar.

Debby ta fito a firgice tana ɗaura zani. "Mama, me ya sa ba ki tashe ni ba?"

"Na tashe ki."

"Da kin zuba mini ruwa!"

Ba su gama wannan ba suka ji waƙa daga bakin layi. Zumuntar Mata ce, mata sun fi talatin, duk cikin anko, da tulunsu na kiɗa da kacakacarsu, Mama Selina a gaba. Sau biyu ana ɗaga musu rana, yau kam sun zo da ƙarfinsu. Suka cika tsakar gida, aka zaunar da Debby a tsakiya, aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka yi wata waƙar. Kowace sai ta taɓa ta, ta ce ita ta goya ta, ta tambaya ko da gaske ne sanyin can yana fasa kunne. Mata uku suka ja ta gefe suna ba ta lambar 'ya'yansu masu neman hanyar fita. Tun bugun tulu na farko Elias ya tashi ya shige ɗaki, ya kwanta ya fuskanci bango.

Dokas tana raba zoɓo tana murmushi, cikinta kuwa kamar ta kurma ihu. Wa za ta kora? Matan nan su suka yi ta kawo mata abinci lokacin da Elias ya kwanta a asibiti, su suke zama da shi in za ta kasuwa. Ita ta gayyato su da bakinta a gaban bagade. Sai da rana ta faɗi suka tafi, suka bar mata kofuna da ciwon kai.

"Gobe," ta ce da Debby. "Gobe tun asuba ki tashi. Ko sarki ne ya zo ba zan buɗe ƙofa ba."

Ba sarki ne ya zo ba, Bappa Bernard ne, ƙanen Elias. Ƙarfe bakwai bai yi ba bas ta tsaya a ƙofar gida daga Kaltungo, ta zazzage mutum goma sha wani abu, da buhun gyaɗa, da zakara biyu, da tsofaffin da sai an riƙe su suke sauka. Sun yi sammako ne don kada rana ta same su a hanya. Debby ta riga ta tashi, ta haɗa shayi kofi biyu, ta jawo kujera ta zauna kusa da ubanta ke nan. Elias yana ta satar kallon hannunta.

Dokas ta tare su a zaure. "Bappa, don Allah ku ɗan dakata a nan. Awa ɗaya kawai. Tana tare da babanta."

Bernard ya dube ta kamar ta zage shi. "A zaure? Mu? Maman Jerome, gidan wana ne fa. Yarinya ta shekara shida ba ta nan, ta zo ba ta taka Kaltungo ba, mun ce ba komai, mu za mu zo. Zumunci a ƙafa yake. Yanzu kuma a tsayar da mu a waje kamar masu tallan gawayi?"

"Ba haka ba ne. Ka san yanayinsa..."

"Jininsa ne mu. In ya gan mu ai daɗi zai ji."

Ya wuce ta gefenta, sauran suka bi shi. Gaisuwa ta kaure da yaren Tangale, wannan yana kiran Elias da sunan yarinta, wancan yana girgiza masa hannu yana cewa, "Ka gane ni? Wane ne ni? Faɗi mana!" Dokas tana kallo idon mijinta ya soma yawo. Ya ajiye kofin, shayin ya zube a ƙafarsa. Ya miƙe ya nufi ƙofar kicin, ya dawo, ya nufi ta banɗaki. Debby ce ta kama hannunsa ta kai shi ɗaki, ta fito ta durƙusa ta gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya mata. Aka yanka zakaru. Dokas ta tuƙa tuwon mutum ashirin, hayaƙi ya ba ta dalilin share ido.

Sai bayan la'asar bas ta tafi. Yaran Islamiyyar da ke bayan gida sun fara karatu, muryoyinsu suna tashi suna sauka. Debby ta ɗebo ruwan ɗumi a roba, ta shiga ɗakin ubanta, ta jiƙa ƙafafunsa, ta zauna a ƙasa tana yanke masa farce. Dokas ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Yarinyar ta iya aikinta, hannunta ba ya rawa. Tana yi tana ba shi labarin wata tsohuwar motarsa mai jan kai, da yadda yake ɗora ta a cinyarsa ta riƙe sitiyari. Elias yana saurare yana gyaɗa kai cikin ladabi.

Da ta gama ta goge masa ƙafa da tawul, ya ce, "Na gode, Likita. Hannunki da sauƙi."

"Ba komai, Baba."

"Ni ma ina da 'ya mai irin aikinku. Tana hanya. Jirgi ta hau."

"Allah ya kawo ta lafiya," in ji Debby.

Ta ɗauki robar ta fito, ta wuce uwarta, ta je bayan ɗaki ta zubar da ruwan. Ta daɗe a can fiye da yadda zubar da ruwa yake bukata.

Juma'a tun duhu-duhu Jerome ya tayar da mota zai kai ta filin jirgi na Lawanti, a wannan karon an ce jirgin zai tashi. Dokas ta kai mata shayi da burodi ɗaki, ta ci a tsaye tana cusa kaya a akwati. Elias bai gama farkawa ba. Debby ta durƙusa a gaban gadonsa, ta kama hannunsa ta ɗora a kanta.

"Baba, zan tafi."

"To, a sauka lafiya," ya ce, idonsa a rufe. "A gaida mutanen gida."

A ƙofar gida ta rungume uwarta. "Mama, kada ki sa wa ranki damuwa. Na san ciwon nan, kullum ina ganin sa. Na gan shi, ya ishe ni."

Ƙarya take yi, su biyun kuma sun sani. Mota ta tafi. Dokas ta koma ciki, ta dubi tulin tukwane da kwanukan jiya, ta dubi ƙofar ɗakin Debby, ta ja ta ta rufe. Ranar ko tsinke ba ta ɗaga ba. Ta gaji, gajiyar da ba ta san a wace gaɓa take ba. Da dare Debby ta kira daga Abuja, da asubar Asabar kuma ta turo saƙon murya daga Doha: za su shiga babban jirgin yanzu, awa goma sha uku ne zuwa Toronto, wayarta za ta kasance a kashe, kada a ji shiru a damu.

Da gari ya waye Dokas ta ba Elias shayinsa a ƙarƙashin dalbejiya, sannan ta daure ta buɗe ɗakin. Ta yaye zanin gado, ta tattara ledoji. A kan taga ta ga kofin jiya da farantin burodi. Ta ɗauko su ta ajiye a kan benci kusa da shi, ta koma ɗauko tsintsiya.

"Kai, yarinyar nan!"

Ta juyo. Elias ya ɗauki burodin yana jujjuya shi. An ƙwaƙule cikinsa tas, an bar ɓawon a zagaye kamar awarwaro. Dokas ta ga abin jiya ba ta kula ba. Tun Debby tana da haƙori huɗu haka take cin burodi, ta cinye laushin ta tura wa ubanta ɓawon, shi kuma ya yi ta faɗan ƙarya yana tsomawa a shayinsa.

"Har yau ba ta daina ba," ya ce, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Sai ka ce ɓera. Debby! Ke Debby!"

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Dokas. Ta laluba ƙugunta ta zaro waya, ta kira. Ba ta shiga. Ta sake kira. Elias ya riga ya miƙe, ya nufi ɗakin kai tsaye, bai ɓata hanya ba. Sai ta tuna abin da Udoka ya koya mata, ta danna alamar murya ta riƙe, ta bi bayansa.

"Debby, fito ki cinye abinki. Ni na gaji da cin ragowarki."

Ya ɗaga labule. Gado ba zani, ba akwati. Ya tsaya yana kallo. Ya juyo a hankali, idonsa tar, irin idon da ta aura.

"Wadda ta yanke mini farce," ya ce. "Ita ce ko?"

"Ita ce, Baban Jerome."

"Ina take?"

"Ta koma. Jiya ta tafi."

Ya dubi ɓawon da ke hannunsa. "Ta tafi ba ta yi mini sallama ba?"

Nan Dokas ta ɗage yatsanta daga kan wayar, saƙon ya tafi. Alama ɗaya ta fito a gefensa, ta tsaya, bai isa ba tukuna. 

"Ta yi maka. Har ƙasa ta durƙusa."

"Kira mini ita."

"Tana sama. Sai ta sauka."

"Awa nawa?"

"Goma sha uku."

"Da tsayawa ko ba tsayawa?"

"Ba tsayawa," ta ce. A wannan karon ta tabbata.

Ya ɗaga kai ya dubi rana, ta ɗan haura katanga. Leɓunansa suka motsa, tsohon direba yana lissafi.

"Bayan isha ke nan," ya ce. "To. Zan jira ta. Ɗauko mini hulata."

Ta ɗauko masa. Ya sa, ya gyara zama a kujerarsa, ya fuskanci ƙofar gida, ɓawon burodin a kan gwiwarsa. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gefensa da waya a cinya. Ta yi ta jan sa da hira don ta riƙe shi, ta tambaye shi hanyar Anaca, ta tambaye shi mai shayin Alkaleri, duk ya amsa. Da hantsi ya ba ta labarin ranar da aka haifi Debby, yana Makurdi da lodin wake. Da azahar ya ci tuwo kaɗan, ya tambaya ko ta sauka. Ta ce saura. Inuwar dalbejiya ta zagaya, suka ja kujerunsu suka bi ta.

Yaran Islamiyya suka fara karatu. Dokas ta duba waya, alamar tana nan ɗaya. Da ta ɗago, Elias yana kallon abin da ke gwiwarsa, ya ɗauka, ya shinshina.

"Wa ya ba ni wannan?" ya ce. "Ya bushe."

Ya gutsuttsura shi ya watsa wa kaji. Saura awa huɗu jirgin ya sauka.